A Zaɓi Fanni Kafin A Zaɓi Ƙasa: Nasiha Ga Masu Neman Ilmi A Ƙetare

  

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wani al'amari da ya shafi gidaje da yawa a ƙasar nan, watau tafiyar 'ya'yanmu zuwa jami'o'in ƙasashen Musulmi domin neman ilmi. Kowace shekara, da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar gama sakandare, sai ka ga samari da 'yan mata suna ta kai da kawowa, wannan yana neman fasfo, wancan yana neman malamin da zai rubuta masa takardar shaidar kyawun hali, wani kuma yana wurin mai juya takardu zuwa Larabci. Idan ka tambayi yaro ina ya nufa, nan take zai ce maka Madina, ko Masar, ko Malesiya. Amma idan ka ƙara da cewa me zai karanta a can, sau da yawa sai ya sunkuyar da kai, ko kuwa ya ce duk abin da aka ba shi. Wannan amsa tana da haɗari, domin da ita ne ake ɓatar da shekaru huɗu ko shida na ƙuruciya, a kuma kashe dukiyar da iyaye suka tara da gumi, daga bisani a dawo da takardar da mai ita bai san inda zai kai ta ba.

TAFIYA MABUƊIN ILMI

Barin gida domin karatu tsohuwar sunna ce a cikin wannan al'umma. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham saboda hadisi ɗaya tak da yake so ya ji daga bakin Abdullahi ɗan Unaisu. A nan ƙasashenmu ma, tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Malikiyya a Masar, wadda ake kira Makarantar Ibn Rashiƙ, domin ɗalibansu da alhazansu su riƙa sauka. A cikin Masallacin Azhar kuwa an keɓe wa Barnawa sashe nasu na kwana da karatu. Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar ƙasar Hausa ya yi Hajji, ya zauna yana karantarwa a Alƙahira har Allah ya yi masa rasuwa a can a shekarar 1741. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ma ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas.

A zamanin Turawa ma hanyar ba ta toshe ba. Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 ta kuma koma Makarantar Koyon Larabci a 1947, da malamai 'yan Sudan ta fara. A 1954 aka aika da wasu ɗalibanta zuwa Bakhtar Ruda ta ƙasar Sudan domin su koyo dabarun koyarwa, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi da Malam Shehu Galadanci.

Abin lura a cikin waɗannan tafiye-tafiye duka shi ne, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan ya san abin da ya fita nema tun kafin ya ɗaura kaya. Jabir ya san hadisin, ya san mai shi. Waɗanda aka aika Bakhtar Ruda sun san ajujuwan da ke jiransu a gida. Wannan ita ce ladabin da muke tsoron tana neman kuɓuce mana.

FARILLA IRI BIYU

Malamanmu sun kasa ilmin da ya wajaba kashi biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ke kan kowane baligi, namiji ko mace, kamar sanin Allah da sanin hukuncin tsarki da salla da azumi. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita sun ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya yi watsi da ita to laifin ya hau kan jama'a baki ɗaya. Zurfafa a cikin fiƙihu yana cikin wannan kashi na biyu, kamar yadda aya ta 122 ta Suratut Tauba ta nuna cewa wani yanki ne na jama'a zai keɓe kansa ga fahimtar addini domin ya gargaɗi mutanensa. Haka nan aikin likita, da lissafi, da noma, da duk wata sana'a da rayuwar jama'a ba ta miƙewa sai da ita.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya koka a cikin littafinsa Ihya'u Ulumid Dini a kan yadda ake samun gari guda na Musulmi babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsa, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu waɗanda tuni an sami masu isarwa a kansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya yi rubuce-rubuce a kan maganin basur da ciwon ido. Tun kafin su duka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana mayar musu da amsa.

Saboda haka idan ɗalibi zai zaɓi fanni, ma'auninsa guda biyu ne: abin da Allah ya hore masa basira a kai, da kuma gurbin da ya ga babu kowa a cikinsa a garinsu. To, bari mu duba abin da manyan jami'o'in nan suke koyarwa, domin mai zaɓe ya yi zaɓe da idonsa a buɗe.

AZHAR TA MASAR

An fara ginin Masallacin Azhar a shekarar 970, aka gama a 972, a zamanin daular Faɗimiyya. A 1930 aka yi dokar da ta tsara karatunta mai zurfi zuwa kulliya uku, watau manyan sassa uku: Kulliyar Usulud Dini, inda ake karanta tauhidi da tafsiri da hadisi da wa'azi, Kulliyar Shari'a, inda ake karanta fiƙihu da usulunsa, da Kulliyar Harshen Larabci, inda ake karanta nahawu da sarfu da balaga da adabi. Waɗannan uku su ne yawancin mutanenmu suka sani, har wasu suna zaton daga su babu wani abu.

Amma tun 1961, a zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir, aka yi wata doka wadda ta buɗe ƙofar Azhar ga fannonin zamani. Yau a cikinta ana koyar da aikin likita, da likitan haƙori, da haɗa magunguna, da aikin injiniya, da aikin gona, da kasuwanci, da kimiyya, da tarbiyya, da aikin jarida, da harsuna da tarjama. Tana da rassa a garuruwa kamar Asyuɗ da Mansura da Zaƙaziƙ da Ɗanɗa, kuma a Ɗanɗa ɗin ne Kulliyar Alƙur'ani take, inda ake koyar da ƙira'o'i da ilmominsu. Ɗalibin likita ko injiniya a Azhar ba ya rabuwa da darasin Alƙur'ani da na fiƙihu, suna cikin abin da ake jarraba shi a kai.

Abubuwa biyu muke so iyaye su riƙe game da Azhar. Na farko, maza da mata ba a haɗe suke karatu ba. Mata suna da kulliyoyinsu daban, har da Kulliyar Likita ta 'Yan Mata a Alƙahira, wadda take da asibitin koyarwa nata mai suna Zahra'u. Duk wanda ya taɓa kai matarsa ko 'yarsa asibiti a ƙasar nan ya nemi likita mace ya rasa, ya san darajar wannan. Na biyu, Kulliyar Kimiyya ta Azhar tana da sashen falaki da yanayin sama. Mu da muke ta da jijiyar wuya kowace shekara a kan ganin watan Ramalana da na Shawwal, muke kuma gina masallatai wasu alƙiblarsu a karkace, ya kamata a ce muna da matasa masu wannan ilmi a kowace jiha.

Sai dai shiga Azhar tana da matakala. Wanda takardarsa ta sakandare ba ta cikin waɗanda Azhar ta daidaita da tata, abin da suke kira mu'adala, sai an gwada Larabcinsa an ajiye shi a ajin da ya dace da shi, wataƙila ma ya koma makarantun sakandare na Azhar ya yi wasu shekaru kafin ya taka jami'a. Yara da yawa sun tafi da zaton shekara huɗu za su yi, suka tarar da bakwai ko takwas a gabansu. Har ila yau, kulliyoyin addini kuɗinsu kaɗan ne ga baƙo, amma na likita da injiniya ana biyan kuɗi mai nauyi da kuɗin waje, sai fa wanda ya sami tallafi. A san wannan tun a gida.

MADINA DA SAURAN JAMI'O'IN SA'UDIYYA

An kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, a zamanin Sarki Sa'udu, musamman domin 'ya'yan Musulmi na ƙasashen duniya. Da Kulliyar Shari'a ta fara, sannan aka ƙara ta Da'awa da Usulud Dini, da ta Alƙur'ani, da ta Harshen Larabci, da ta Hadisi. Kowace da irin mutumin da take fitarwa. Mai son alƙalanci da fatawa da rabon gado, Shari'a ce tasa, kuma a can zai haɗu da fiƙihun kwatanta mazhabobi, inda aka daɗe ana karanta Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushdi, malamin Malikiyya na Andalus. Mahaddacin da ke son ƙira'o'i da tafsiri ya nufi Kulliyar Alƙur'ani. Mai ƙarfin hadda da haƙurin bin isnadi da tarihin maruwaita ya nufi ta Hadisi. Kuskure ne yaro ya shiga ɗaya don kawai abokinsa yana can.

Daga baya jami'ar ta buɗe kulliyoyin kimiyya, da injiniya, da kwamfuta, waɗanda ke neman ɗalibi mai ƙarfi a lissafi da Turanci. Wanda Larabcinsa bai nuna ba kuwa akwai cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, inda yakan yi har shekara biyu kafin ya shiga kulliya. Wanda aka ɗauka da tallafi ana ba shi masauki, da alawus na wata-wata, da tikitin jirgi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada mai neman digiri na farko ya wuce shekara 25, kada kuma takardarsa ta sakandare ta tsufa fiye da shekara biyar. Saboda haka jinkiri yana hana mutum wannan dama.

Ban da Madina akwai Jami'ar Ummul Ƙura a Makka, da Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud da ta Sarki Sa'ud a Riyad, da ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, da Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad wadda ta mata ce zalla. Yanzu ana neman gurbi a cikinsu ta shafin intanet guda wanda Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar ta tanada, kuma ɗalibi da kansa yake cikewa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sayo wa yaro gurbi, a yi hattara da shi.

MAROKO, GIDAN MALIKIYYA

Mutanenmu ba su cika waiwayar Maroko ba, alhali kuwa ita ce ta fi kusa da mu a mazhaba. Risala da Muhtasar da ake karantawa a zaurukanmu su ne ake karantawa a can, kuma da ruwayar Warshu suke karatun Alƙur'ani kamar yadda alarammominmu na tsangaya suke yi. A birnin Fas ne Masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda wata baiwar Allah, Faɗimatu al-Fihriyya, ta gina a 859, ya kuma zama matattarar ilmi har yau. A Rabat akwai Darul Hadis al-Hasaniyya domin karatu mai zurfi, da cibiyar horar da limamai da masu wa'azi maza da mata wadda aka buɗe a 2015, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Amma mai son likita ko injiniya a Maroko ya sani yawancin wannan karatu da Faransanci ake yin sa. Wannan sauƙi ne ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi, ɗan Nijeriya kuwa sai ya fara da koyon harshen.

DARASIN SUDAN

Shekaru masu yawa Sudan ce ta zame wa talakanmu mafita, saboda kusanci da sauƙin kuɗi da kamannin al'ada. Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum, wadda ta tsiro daga Cibiyar Musulunci ta Afirka ta kuma zama jami'a a farkon shekarun 1990, ta haɗa Shari'a da tarbiyya da likita da haɗa magunguna da aikin jinya da injiniya. A Omdurman akwai Jami'ar Musulunci, da Jami'ar Alƙur'ani, da Jami'ar Ahfad ta mata. Gwamnatocin jihohin Arewa da dama sun aika da 'yan mata can domin karatun likita, kuma da yawa daga cikin likitoci mata da ke asibitocinmu a yau can suka yi karatu.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, wasu suna shekarar ƙarshe, wasu ko takardun sakamakon shekarun da suka yi ba su samu sun ɗauko ba. Muna roƙon Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa. Darasin da ke ciki shi ne, duk ɗalibin da ke waje, a kowace ƙasa yake, ya riƙa karɓar sakamakonsa na kowace shekara a rubuce da hatimin makaranta, ya aiko da kwafi gida. Kuma kada a aika da yaro wata makaranta a can sai an tabbatar da halin da take ciki a lokacin tafiyar.

MALESIYA DA ILMIN DUKIYA

Wanda ya yi makarantar boko, Turancinsa ya fi Larabcinsa ƙarfi, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa. Jami'ar Musulunci ta Duniya da ke Malesiya, wadda aka kafa a 1983, da Turanci take koyar da yawancin fannoninta, tana kuma wajabta wa ɗalibi wani abu na Larabci da darussan addini. Babbar harabarta tana Gombak kusa da Kuala Lumpur, sassan likita da haɗa magunguna da jinya kuwa suna Kuantan. Tana koyar da dokoki, da tattalin arziki, da injiniya, da zanen gine-gine, da kwamfuta, da ilmin wahayi haɗe da ilmin zaman jama'a.

Fannin da Malesiya ta yi fice a kansa shi ne harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. Babban bankin ƙasar ma ya kafa jami'a sukutum domin wannan fanni a 2005, mai suna INCEIF, ta masu digiri na biyu da na uku. Wannan ilmi yanzu yana da kasuwa a gida. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, bankin TAJ ya biyo baya a 2019, na Lotus a 2021, kuma a 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na Naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar mutanen da suka san babin ciniki da haya da ƙiradi a littattafan fiƙihu, suka kuma san lissafin banki. Masu baki biyu irin wannan sun yi ƙaranci a cikinmu. Haka nan sha'anin zakka da waƙafi da inshorar takaful, duk suna jiran ma'aikata masu sani.

JAMI'O'IN ƘUNGIYAR ƘASASHEN MUSULMI

A taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahor ta Pakistan a 1974 aka yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka. Ɗaya ita ce ta garin Sayi a Jamhuriyar Nijar, kudu da Yamai a bakin Kwara, wadda ta fara aiki a 1986 da Shari'a da Larabci, daga baya ta faɗaɗa, tana kuma da sashen mata a Yamai. Ga mutumin Sakkwato ko Birnin Kabi, wannan ta fi masa Legas kusa. Ɗayar kuwa tana Mbale ta ƙasar Uganda, an buɗe ta a 1988, da Turanci take koyarwa, tana da dokoki da tarbiyya da kimiyya da aikin lafiya. Akwai kuma ta uku a Gazifur ta Bangaladash, wadda aikinta injiniya ne da fasaha: wutar lantarki, da injuna, da gine-gine, da kwamfuta. A Islamabad ma akwai Jami'ar Musulunci ta Duniya tun 1980. Ƙasar Turkiyya kuwa tana ba da tallafi a kusan kowane fanni, amma sai ɗalibi ya yi shekara guda yana koyon Turkanci.

RANAR DAWOWA

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai hankali tun ranar tafiya yake tunanin ranar dawowa, domin takardar waje ba ta aiki a Nijeriya sai ta bi ta wasu ƙofofi. Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ce take tantance ta kafin mai ita ya tafi bautar ƙasa. Wanda ya karanta likita sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Ƙasa kafin a ba shi izinin taɓa majiyyaci, kuma a 2022, bayan yaƙin Yukren ya tarwatsa ɗalibai, hukumar ta bayyana cewa ba ta yarda da karatun likita da aka yi ta intanet ba. Masu haɗa magunguna da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, kowa da hukumarsa da sharuɗɗanta. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma sai da abin ya shafe su.

Sha'anin karatun doka yana bukatar ƙarin bayani, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Digirin Shari'a zalla daga Madina ko Azhar yana sa mutum ya zama malami ko mai fatawa, amma shi kaɗai ba ya kai mutum Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, domin ita tana neman darussan dokokin da aka gada daga Ingila. Dokokin zamani da ake haɗawa da Shari'a a Masar kuwa sun fi kusa da tsarin Faransa, saboda haka sun fi amfanar ɗan Nijar. Malesiya da Uganda su ne tsarinsu ya yi kama da namu, ko da yake wanda ya karanto doka a waje sai ya fara yin kashin farko na musamman a Makarantar Lauyoyi. Wanda burinsa ya tsaya gaban kotu ya kāre haƙƙin marayu da zawarawa, ya auna wannan da kyau, wataƙila ma ya tarar Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suke haɗa Shari'a da dokokin ƙasa a digiri guda, sun fi masa dacewa, daga baya ya fita ƙaro ilmi.

NASIHARMU

Ga ɗalibai muna cewa, matambayi ba ya ɓata. Kafin ka cika takarda, nemi wanda ya gama wannan kulliya ya dawo, ka tambaye shi shekara nawa ya yi tun daga ranar da ya sauka, da wane harshe aka koyar da shi, nawa ya kashe, kuma me takardarsa ta buɗe masa a gida. Ka gyara niyyarka, domin mai karanta haɗa magunguna da nufin ɗauke wa Musulmi farilla yana cikin ibada kamar mai karanta hadisi. Idan kuwa addini za ka karanta, to ka tafi da haddarka da Larabcinka da littattafan zaure a cikinka, ka kuma dawo da ladabi ga malaman da ka bari a gida. Ilmin da ke raba kan jama'a a masallaci bai biya kuɗin jirgi ba.

Ga iyaye muna cewa, kada sha'awar a ce ɗanku yana ƙasa mai tsarki ta sa ku tura yaron da Allah ya ba basirar lissafi zuwa fannin da zuciyarsa ba ta ciki, kada kuma kwaɗayin a kira ku baban likita ya sa ku hana mahaddaci mai hazaƙa zama malamin da garinku ke bukata. Ku kuma tuna da 'ya'ya mata. Rufaida al-Aslamiyya tana da hema a Masallacin Annabi inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma wurinta aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

Ga mawadata da hukumomin zakka da ƙungiyoyin addini da gwamnatocin jihohi muna cewa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a raba tallafi, a zauna a ƙidaya abin da babu: likitocin mata nawa ne a ƙaramar hukuma, masu rabon gado nawa, malaman kimiyya nawa ne a makarantun Islamiyya, wa ya san falaki, wa ya san lissafin waƙafi. Sannan a aika da yara bisa wannan ƙidaya, a bi sawunsu suna can, a kuma tanadar musu wurin aiki kafin su dawo. Idan aka yi haka, kowane yaro da ya hau jirgi zai san gurbin da ke jiransa, kamar yadda magabatanmu suka sani.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare 'ya'yanmu a inda suke, ya dawo mana da su lafiya da abin da zai amfani addininmu da ƙasarmu. Amin.